Gwangwanin Fim da Makomar Kyamara Mai Ma'aunin Nisa

Masu nazarin tarihin sana'o'i sun fi son ba da labarin manyan abubuwa, kamar injin jirgin ƙasa ko na buga littattafai. Ba kasafai sukan tsaya a kan ƙananan abubuwan da manyan suka dogara a kansu ba. Wannan lacca ta shafi ɗaya daga cikin ƙananan ne, watau gwangwanin nan da bai wuce tsawon babban yatsa ba, wanda ake sayar da fim mai faɗin milimita 35 a cikinsa. Abin da za a nuna shi ne, wannan gwangwani ya fi kyan gilashi da sunan kamfani ƙarfi wajen yanke wa tsofaffin kyamarori hukunci: wadda za ta ci gaba da aiki, da wadda za ta koma kayan ado a kan kanta.

Da farko ya kamata a san irin kyamarar da ake magana a kanta. Kyamara mai ma'aunin nisa tana da tagogi biyu a gabanta, kowace tana kallon abin da za a ɗauka daga nata gefen. Idan mai hoto ya leƙa, sai ya ga siffa biyu, ɗaya a kan ɗaya amma ba su daidaita ba. Yana murɗa gilashin kyamarar suna matsowa kusa da juna, sa'ad da suka zama ɗaya kuwa, to, an auna nisan daidai, hoton zai fita tangaran. Lissafin kusurwa uku ne da masu safiyo suka daɗe suna aiki da shi, aka ƙanƙantar da shi ya shiga aljihu.

Fim mai milimita 35 asalinsa na majigi ne. Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, shi ne ya ƙera ƙaramar kyamara mai cin wannan fim wajen 1914, ya sa kowane hoto ya zama milimita 24 da 36. Yaƙin Duniya na Farko da talaucin da ya biyo bayansa suka jinkirta al'amarin, ba a kai kyamarar kasuwa ba sai a 1925, a bajekolin Leipzig, da sunan Leica. A 1932 aka sa mata ma'aunin nisa, a shekarar kuma kamfanin Zeiss Ikon na Dresden ya fito da kishiyarta, Contax.

A wancan lokaci wanda ya sayi Leica bai gama sayayya ba. Yakan sayi fim mai tsawo, ya shiga ɗakin duhu, ya yanka, ya naɗa a kwarkwaro, ya sa a cikin gwangwanin tagulla na kamfanin Leitz, wanda ake kira FILCA. Gwangwanin abin sha'awa ne ƙwarai. Yana da ƙofa wadda take rufe muddin yana waje, sai an sa shi a kyamara an murɗa makullin gindinta sa'an nan ƙofar ta buɗe, fim ya riƙa wucewa ba tare da ya goga da kome ba. Contax ma tana da nata mai irin wannan dabara, amma na wannan ba ya aiki a cikin waccan. Ke nan kowane kamfani da mudunsa, mai saye kuwa ya ɗaure kansa da gida ɗaya tun ranar da ya biya kuɗi. Aikin ɗurawa a cikin duhu kuma ya isa ya kori duk wanda ba sana'arsa ba ce.

Canji ya zo a 1934. Kamfanin Kodak na Amurka ya riga ya sayi masana'antar Dokta August Nagel da ke Stuttgart, a wannan shekara kuwa suka fito da kyamarar Retina a kan Mak 75, kuɗin da bai kama ƙafar na Leica ba. Tare da ita aka fito da gwangwani mara tsada wanda aka ɗura wa fim tun daga masana'anta, aka manna ƙyallen karammiski a bakinsa domin ya tare haske, har mutum ya iya sa shi a kyamara da rana tsaka. Kodak ta ba shi lamba 135. Hikimar Nagel ita ce ya auna gwangwanin yadda zai shiga Retina, ya kuma shiga Leica da Contax. Kada a ɗauka karamci ne ya kawo haka. Kodak fim take sayarwa, kyamara kuwa a wurinta ƙugiya ce, saboda haka duk aljihun da gwangwaninta ya shiga riba ce, kowane ne ya ƙera kyamarar.

Daga nan ƙofa ta buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi. Da yake mai ƙera kyamara ba ya bukatar ya ƙera fim, sai ƙananan masana'antu suka shigo. A 1936 wani kamfani a Ann Arbor ta jihar Mishigan ya sayar da Argus A a kan dala 12.50, a 1939 kuma ya fito da Argus C3 mai ma'aunin nisa, wadda Amurkawa suka yi wa laƙabi da bulo saboda siffarta. An ci gaba da ƙera ta har 1966, aka sayar da kimanin miliyan 2. A Tarayyar Sobiyat an fara kwaikwayon Leica tun 1934 a Kharkiv ta ƙasar Yukren, a wata cibiya ta yara marasa galihu wadda malamin tarbiyya Anton Makarenko ya shugabanta, aka sa wa kyamarar suna FED. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Sobiyat ta kwashe injinan Contax daga Dresden a matsayin diyyar yaƙi, ta kai su masana'antar Arsenal ta birnin Kiyef, inda aka soma ƙera Kiev a 1947, aka kuma ci gaba har cikin shekarun 1980. Zorki ta biyo baya a 1948. Samfurinta na huɗu kaɗai, daga 1956 zuwa 1973, ya haura miliyan 1.7. Wannan yawa shi ne tushen arahar kyamarorin Sobiyat a kasuwar tsofaffin kaya.

Labarin Nikon ya fi kowanne nuna ƙarfin da ma'aunin Kodak ya yi. A 1948 kamfanin Nippon Kogaku na Japan ya fito da kyamararsa ta farko. Gwangwanin 135 take ci, amma an rage hoton zuwa milimita 24 da 32, domin a sami hoto 40 a naɗin da ya saba ba da 36. A ƙasar da yaƙi ya talauta wannan tattali ne mai ma'ana. Sai dai injinan Kodak masu yanke fim mai launi na Kodachrome suna sa shi a firam sun saba da huda 8 ga kowane hoto, Nikon kuwa 7 take ja, don haka wuƙar injin sai ta riƙa faɗawa a tsakiyar hoto. Kasuwar Amurka ta rufu gare ta. Tilas kamfanin ya koma huda 8, ya faɗaɗa hoton zuwa milimita 34, a ƙarshe ya miƙa wuya ga 36 a samfurin S2 na 1954. Milimita 4 kacal ya ci wa kamfanin shekara 6.

Abin mamaki, ita kanta Kodak ba ta daina neman ɗaure mai saye ba. A 1935, shekara ɗaya bayan gwangwanin 135, ta fito da fim mai lamba 828, wanda faɗinsa milimita 35 ne amma an naɗe shi da takarda, hoto 8 kawai yake bayarwa. Kyamarar Bantam Special ta 1936, wadda ake lissafawa cikin mafi kyawun siffa da aka taɓa ƙerawa, shi take ci. Medalist ta 1941 kuma fim 620 take ci, wanda ba kome ba ne illa fim 120 da aka naɗa a siririn kwarkwaro don kada na wasu kamfanoni ya shiga. Kodak ta daina yin 828 a 1985, ta daina 620 a 1995. Kamfanin Agfa na Jamus ma ya gwada nasa gwangwanin, Karat mai hoto 12, ya kuma farfaɗo da shi a 1964 da sunan Rapid, bai yi ƙarko ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin sabon inji a jingine a lungun ofis domin abin da yake ci ya ɓace daga kasuwa, ya san irin wannan hasara. Mai Medalist a yau sai ya shiga duhu ya warware fim 120 ya mayar da shi kan tsohon kwarkwaro, in ya sami kwarkwaron.

Saboda haka araha iri biyu ce a wannan kasuwa, kuma mai saye da bai bambanta su ba zai yi kuka da kuɗinsa. Akwai arahar yawa, irin ta Zorki da Argus da Canonet G-III, wadda aka yi fiye da miliyan 1 daga 1972 zuwa 1982. Akwai kuma arahar abin da abincinsa ya ƙare. Tsada ma ba kullum take bin amfani ba. A watan Yuni na 2022 an yi gwanjon ɗaya daga cikin Leica na gwaji na 1923, wadda Barnack ya riƙe da kansa, a kan Yuro miliyan 14.4, alhali kuwa ba ta da ma'aunin nisa ma. Wannan farashin tarihi ne, bai shafi ɗaukar hoto ba.

Ko a cikin masu cin 135 akwai 'yan tangarɗa. Tsohon FILCA ya ɗara gwangwanin Kodak tsawo da kimanin milimita 2, shi ya sa a wasu tsofaffin Leica gwangwanin zamani kan zauna ƙasa kaɗan, gefen hoton ya hau kan hudar fim. Bai kuma shiga M3 ta 1954, sai da Leitz ya yi mata gajere mai suna IXMOO. Kyamarorin Japan na shekarun 1960 da 1970 nasu ciwon batir ne, domin an ƙera su a kan batirin zaiba mai ƙarfin bolt 1.35, wanda Amurka ta hana sayarwa a 1996 saboda gubarsa. Na zamani ƙarfinsa ya ɗan ɗara, sai ma'aunin haske ya riƙa yin ƙarya. Zorki da ba ta da batir ko ɗaya ba ruwanta da wannan.

Kyamarar dijital ta karya kasuwar fim bayan shekara ta 2000. An daina Kodachrome a 2009, Kodak ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a Janairun 2012, tsofaffin kyamarori suka cika kasuwa a banza. Gwangwanin 135 dai bai mutu ba, ana ci gaba da ɗura shi a Amurka da Ingila da Japan da wasu ƙasashe. Da matasa suka dawo kansa, farashin fim ya yi ta hawa daga 2020, har ya zama kuɗin 'yan naɗe-naɗe da wankinsu yakan wuce kuɗin ita kanta kyamarar Sobiyat ɗin. Wannan ya mayar da masu tattali ga hanyar da aka bari a 1934. Sukan sayi fim mai tsawon ƙafa 100, watau mita 30.5, wanda ke ba da naɗi kamar 18 masu hoto 36, su ɗura da kansu, wasunsu ma a cikin gwangwanayen tagullar nan na Leitz da Contax. Mai tsohuwar Leica ko FED ko Zorki ta farko, waɗanda ake sa musu fim ta gindi, yana da ƙarin aiki guda. Harshen fim na yanzu gajere ne, sai ya sa almakashi ya tsawaita shi zuwa kimanin santimita 10, in ba haka ba fim ɗin ya sarƙe a ciki ya yage labulen kyamarar.