Ci-rani a Filin Ƙwallo: Nazarin Rayuwar Wasan Dale Kickett a Gasar AFL, 1990-2002

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Dale Kickett, wanda ya buga wa ƙungiyoyi biyar wasa a babbar gasar ƙwallon Ostireliya. An dogara da ƙididdigar wasanninsa da kuma tsarin ɗaukar 'yan wasa na zamaninsa. An gano cewa yawon da ya yi ya samo asali ne daga tsarin gasar da rashin kocin da ya san shi, ba daga kasawarsa ba.

Gabatarwa

Ƙwallon Ostireliya wasa ne na mutum 18 a kowane ɓangare, ana buga shi da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai. Asalin babbar gasarsa ta jihar Victoria ce, sai a 1990 ta koma AFL bayan ta buɗe ƙofa ga wasu jihohi. Tun 1986 aka kawo tsarin zaɓen 'yan wasa na ƙasa, inda ƙungiyoyi ke ɗauka bi da bi. Matashi ba shi da ta cewa kan garin da za a kai shi. 'Yancin sauya ƙungiya bisa raɗin kai bai samu ba sai 2012.

Kickett da Ƙungiyoyinsa

An haifi Kickett a 1968 a Yammacin Ostireliya, kuma ɗan asalin ƙasar ne daga al'ummar Noongar. Ya yi suna a Claremont, a gasar jiharsu, ƙarƙashin koci Gerard Neesham. A 1990 ƙungiyar Fitzroy ta AFL ta kai shi Melbourne, kusan kilomita 2,700 daga Perth da ke jiharsu, ya buga wasa 15. Shekara na zagayowa ya dawo gida, ƙungiyar West Coast ta ɗauke shi, amma wasa 2 kacal ya samu. Ba abin mamaki ba ne, domin a 1991 ƙungiyar ta cika da gwanaye har ta kai wasan ƙarshe. St Kilda ta ba shi wasa 21 a 1992, Essendon kuma 8 a 1994.

Wasa 46 ke nan a ƙungiyoyi huɗu. Mai duba wannan lissafi kaɗai zai ce mutumin ya gaza. To amma a daidai waɗannan shekaru, duk sanda ya koma Claremont sai ya zama wani daban: ya ci kofi da ita a 1991 da 1993, kuma a wasannin ƙarshe biyun shi aka ba lambar Simpson ta gwarzon fili. Ƙafa ɗaya ce, ƙwallo ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke tsaye a bakin fili.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1995, lokacin da Fremantle ta shiga gasar da Neesham a matsayin kocinta na farko. Ya ɗauko tsohon yaronsa, aka kafa shi a baya yana tsare gida. A 1997 Kickett ne ya zama gwarzon ƙungiyar na shekara, yana da shekara 29, shekarun da yawanci ake fara sallamar irinsa. Ba a ɓoye aibinsa ba: bayan damben da ya ɓarke a karawarsu da West Coast a 2000, an dakatar da shi wasa 9. Duk da haka ƙungiyar ba ta rabu da shi ba.

Sakamakon Bincike

A ganin mai wannan nazari, kiran Kickett ɗan yawon ƙungiyoyi rashin adalci ne, domin sunan ya tsaya kan shekaru biyar ya manta da takwas. Ya ajiye takalmi a 2002 da wasa 181, kuma 135 daga ciki da rigar Fremantle ya buga su.