Malaman Tibariya da Wasalin Attaura

Rubutun Ibrananci na dā baƙaƙe ne guda 22, babu wasali. Mai karatu kan ɗauki lafazin kowace kalma daga bakin malaminsa. Hakan ya wadatar a lokacin da harshen ke raye a gida da kasuwa, amma da Aramiyanci ya maye gurbinsa, Yahudawa kuma suka warwatsu cikin ƙasashe, sai aka soma fargabar karatun Attaura zai gurɓace.

Daga wajen ƙarni na 7 zuwa na 10, wasu malamai da ake kira ma'abota Masora suka duƙufa kan wannan matsala. An sami tsari uku: na Babila, na Falasɗinu, da na Tibariya da ke bakin tafkin Galili. Na Tibariya ne ya yi rinjaye, kuma gidan Ben Ashar ne ya fi shahara da shi. Ɗige-ɗige da 'yan layuka suka riƙa sakawa a ƙarƙashin baƙaƙe da samansu, kamar yadda ake yi wa ajami wasali, tare da alamomin tsayawa da na rera karatu.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne ladabinsu. Ba su taɓa baƙi ko ɗaya ba. Inda karatun da suka gada ya saɓa wa rubutu, sai su bar rubutun yadda yake, su ajiye karatun a gefen shafi. Sun ƙirga ayoyin kowane littafi domin kada mai kwafa ya ƙara ko ya rage. Sunan Allah mai baƙaƙe huɗu kuwa ba a furta shi, don haka suka ɗora masa wasalin Adonai, wato Ubangiji, abin da ake faɗa a madadinsa. Wannan al'ada ce ta sa fassarori da yawa, har da na Hausa, ke sa Ubangiji a gurbinsa.

Wasali kan sauya ma'ana ɗungurungum. A Farawa 47:31, baƙaƙe uku na iya zama mitta, wato gado, ko matte, wato sanda. Malaman Tibariya sun karanta gado, alhali fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya ta ce Yakubu ya sunkuya a kan sandarsa, kuma ita Ibraniyawa 11:21 ta bi.

Cikin kwafe-kwafen da ke ɗauke da wasalin Tibariya, Littafin Halab, wanda Haruna ben Ashar ya yi wa wasali wajen shekara ta 930, shi ne mafi daraja, sai dai wani sashensa ya salwanta bayan wata tarzoma da aka yi a Halab a 1947. Abin da ya rage yana Urushalima. Cikakken kwafi mafi tsufa shi ne na Leningrad, wanda aka rubuta a Alƙahira wajen 1008, kuma a kansa mafi yawan masu fassarar Tsohon Alkawari ke dogara a yau.