Awo uku da Coulomb ya rubuta

A shekarar 1785 wani injiniyan sojan Faransa, Charles-Augustin de Coulomb, ya gabatar wa Cibiyar Kimiyya ta Paris wata na'ura da ya ƙera. Siririyar wayar azurfa ce rataye cikin tulun gilashi, a ƙarshenta an ɗaura ɗan tsinke a kwance, a bakin tsinken kuma ɗan ƙwallon totuwar itace. Idan aka kawo wani ƙwallon mai caji iri ɗaya kusa da shi, sai su ture juna, wayar ta murɗe. Yawan murɗin shi ke nuna ƙarfin turewar, don tun 1784 ya gama nazarin yadda waya ke murɗewa.

Awo uku kacal ya rubuta. A na farko ƙwallayen suka rabu da digiri 36, wayar ma ta murɗe digiri 36. Da ya ƙara murɗa ta har tazarar ta koma 18, jimillar murɗin ta kai 144: tazara ta ragu zuwa rabi, ƙarfi ya ninka sau huɗu. Na uku bai zauna daidai ba. Murɗi ya kusan 576, tazarar ta tsaya a takwas da rabi maimakon tara, shi kuwa ya ɗora laifin a kan cajin da ke sulalewa cikin iska. Hujjar ta yi ƙaranci, gaskiya, amma ƙa'idar ta tabbata, kuma da ita ake lissafi har gobe. Ga ƙa'idar: don a sami ƙarfin, a ninka cajin farko da na biyu, a raba da tazara sau tazara, sannan a ninka da kusan biliyan tara.

Ba shi ya fara hango ta ba. Tun 1767 Joseph Priestley ya yi hasashenta, bisa lura da Benjamin Franklin ya yi cewa caji ba ya zama a cikin gwangwani, sai a bayansa. Henry Cavendish na Ingila ma ya gwada ta wajen 1773 da ƙwallaye biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya sami sakamakon da ya fi na Coulomb inganci nesa ba kusa ba. Sai dai mutum ne mai gudun jama'a, ya adana takardun gwajin bai buga ba har ya mutu a 1810.

James Clerk Maxwell ne ya tattara su ya buga a 1879. Bayan shekara biyu, taron masana lantarki a Paris ya raɗa wa ma'aunin caji sunan Coulomb.