Me Ya Sami Marsandi?

A ƙasar Hausa, idan aka ce wane ya sayi Marsandi, ba a tambayar ko ya samu. Motar sarakuna ce da attajirai da manyan gwamnati. Baƙar motar da Janar Murtala Muhammed yake ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda har yau take ajiye a gidan tarihi na Legas, Marsandi ce. Amma ka zauna da bakanike a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ka kawo zancenta, da wuya bai fara tambayarka ba: "Wacce, ta da ko ta yanzu?" Wannan tambaya tana da tarihi, kuma masu motar a Jamus da Amurka da Ingila sun riga mu yin ta.

Labarin ya fara ne a birnin Mannheim na ƙasar Jamus. A Janairun 1886 Karl Benz ya yi rajistar wata 'yar mota mai ƙafa uku da ke aiki da fetur. Mutane suka kalla, suka yi dariya, ba su saya ba. A watan Agustan 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar da sassafe ba da saninsa ba, ta sa 'ya'yansu maza biyu, ta nufi garin iyayenta, Pforzheim, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 100. A hanya mai ya ƙare, ta saya a shagon magani a garin Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta zungure shi. Katakon birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. Da magariba suka isa. Wato tafiya mai nisa ta farko da aka yi da mota cike take da lalacewa, amma duk abin da ya lalace an gyara shi a bakin hanya da abin da ke hannu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A lokacin, a kusa da Stuttgart, Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach su ma suna ƙera nasu injunan. Wani ɗan kasuwa mazaunin birnin Nice na Faransa, Emil Jellinek, ya yi odar motoci 36 daga kamfanin Daimler a 1900, bisa sharaɗin a sa musu sunan 'yarsa, Mercédès. Daga sunan wannan yarinya ne muka sami kalmar Marsandi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya tattalin arzikin Jamus ya durƙushe, sai kamfanonin biyu suka haɗe a 1926 suka zama Daimler-Benz. Tauraron nan mai tsini uku yana nufin injunan ƙasa da na ruwa da na sama. Tarihin kamfanin yana da baƙin shafi: a zamanin Hitila ya ƙera motocin soja da injunan jiragen yaƙi, ya kuma yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki. Sai a shekarun 1980 ya buɗe taskarsa aka rubuta wannan.

Sunan da muka sani an gina shi ne bayan 1945, kuma injiniyoyi ne suka gina shi. A 1959 kamfanin ya fito da bodin da gaba da bayansa ke lotsewa idan an yi karo don su shanye ƙarfin bugun, ɗakin fasinja kuma ya tsaya cak, dabarar injiniya Béla Barényi. A 1978 ya kawo birkin ABS, wanda ke hana taya daskarewa, tare da kamfanin Bosch. Tsarin gidan kuwa sananne ne: injiniyoyi su ƙera motar yadda suka ga ya dace, sannan akantoci su lissafa abin da aka kashe, su ɗora riba, a faɗi farashi. Mai so ya saya.

Motar da ta fi nuna amfanin wannan tsari ita ce wadda kamfanin ke kira W123, wato su 200 da 230 da 240D. Daga 1976 zuwa 1986 an ƙera kimanin miliyan 2.7. A Jamus sai mutum ya jira shekara ko fiye kafin a ba shi tasa, har wasu suka riƙa sayen ta hannu da kuɗin da ya fi na sabuwa. Ita ce tasin Jamus, daga baya ta zama tasin Maroko, inda ta shafe shekaru fiye da talatin tana ɗaukar fasinja shida tsakanin garuruwa. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na Girka ya tuƙa 240D ƙirar da ta gabaci wannan har kilomita miliyan 4.6, ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. An sha sauke mata inji ana mayarwa, bodin kuwa yana nan. Bayanta W124 ta zo a 1984, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa suna V-Boot saboda yankan murfin but ɗinta. Ga kuma babbar motar 911, wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin ANAMMCO na Inugu, ta yi dakon hatsi da shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu har direbobi suka tsufa suka bar ta.

To, ruwa ba ya tsami banza. A 1989 Toyota ta fito da Lexus LS 400 a Amurka, kan kusan dala 35,000, alhali babbar Marsandi mai irin girmanta ta fi ta tsada da sama da dala 20,000. Lexus ba ta da ƙara, ba ta yawan zuwa gareji. Da aka gano 'yan matsaloli a ƙarshen shekarar, kamfanin ya janye duka motoci kusan 8,000 da ya sayar, dillalai suka je gidajen mutane suka ɗauko, suka gyara, suka wanke, suka cika tanki, suka mayar. Attajiran Amurka suka ga ashe ana iya samun alfarma da kwanciyar hankali a farashi mai sauƙi.

Amsar Marsandi ita ce S-Class ta 1991, ƙatuwar mota mai nauyin kusan tan biyu da gilashi mai ninki biyu. Ta zo a makare, ta ci kuɗi fiye da ƙima, ta kuma tarar da kasuwa ta faɗi. A gefe guda, shugaban kamfanin Edzard Reuter ya zuba dukiya wajen sayen kamfanonin jiragen sama da na lantarki irin su Dornier da AEG da Fokker. Cinikin bai yi albarka ba. A 1995 Daimler-Benz ya yi asarar mak biliyan 5.7. Tun 1993 shugaban ɓangaren motoci, Helmut Werner, ya fito fili ya ce motocinsu aikin injiniya ya yi musu yawa, kuma daga yanzu kasuwa ce za ta yanke farashi, injiniya ya san yadda zai ƙera motar a cikin wannan kuɗin. Nan aka kife tsohon tsarin. Da Jürgen Schrempp ya hau kujera a 1995, sai aka ƙara da saurin faɗaɗa: ƙananan motoci, manyan jif, masana'anta a ƙasashen waje, sannan haɗewa da Chrysler ta Amurka a 1998, cinikin kusan dala biliyan 36.

Masu mota suka fara gani a jikinsu. Motocin farkon shekarun 1990 da dama an yi musu wayoyin inji da wata irin roba da zafi ke busar da ita, ta farfashe, wayoyi su haɗu. E-Class ta 1995, mai fitilu huɗu zagayayyu, ta yi ƙaurin suna da tsatsa a ƙofofi da bakin taya, har da mazaunin sifirin na gaba, abin da mai W123 bai saba gani a mota mai 'yan shekaru ba. A Oktoban 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci a Suwidin suka gwada sabuwar A-Class da kaucewar gaggawa, irin wadda direba ke yi idan dabba ta faɗo titi, sai motar ta kife. Kamfanin ya fara musu, daga baya ya dakatar da sayarwa na wasu watanni, ya gyara ƙafafunta, ya sa mata na'urar ESP mai hana zamewa. Jif ɗin M-Class da aka fara ƙerawa a jihar Alabama a shekarar ita ma ta sha suka kan arhar kayan ciki da yawan ƙananan matsaloli. S-Class ta 1998 kuma ta zo da ƙafafu masu aiki da iska, sai mutum ya wayi gari ya tarar da motarsa ta gurfana kamar raƙumi.

Abin da ya fi ta da hankali shi ne birki. A E-Class ta 2002 an sa wani tsari mai suna SBC, inda ƙafar direba ba ta tura man birki kai tsaye. Saƙo take aika wa kwamfuta, ita kuma ta umarci famfo. Idan na'urar ta sami matsala, motar takan koma kan birkin ko-ta-kwana na tayoyin gaba kawai, sai an taka da ƙarfi, tsayawa kuma ta yi nisa. A 2004 aka janye motoci 680,000. A Maris na 2005 aka sake janye miliyan 1.3 saboda birki da caji da batir, janyewa mafi girma a tarihin kamfanin zuwa lokacin. Direbobin tasi na Jamus, waɗanda suka riƙe amanar Marsandi tun kakanninsu, suka fara leƙa wasu kamfanoni. A wannan shekara ɓangaren motocin Marsandi ya rufe littafinsa da asara. Garin neman ƙiba an samo rama.

Schrempp ya sauka a ƙarshen 2005, Dieter Zetsche ya gaje shi. A 2006 aka cire SBC daga E-Class aka koma birkin da aka sani. A 2007 aka sayar da kashi 80 cikin ɗari na Chrysler kan dala biliyan 7.4, a kwatanta da abin da aka biya shekara tara baya. Motocin da suka biyo, kamar E-Class ta 2009, sun dawo wa kamfanin da wani ɓangare na mutuncinsa, har a 2010 ya ɗauko taken da ake jingina wa Gottlieb Daimler: ko mafi kyau, ko a fasa. Sai dai ƙorafi bai mutu ba. A Nuwamban 2022 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke tattara bayanai daga bakin masu motoci, ta sa Marsandi a ƙarshen jerin kamfanoni 24 wajen rashin ba da matsala.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Irin wannan ƙidaya tana haɗa allon da ya daskare da giyar da ta mutu, duk ƙorafi ne. Tsofaffin motocin da muke yabo kuma waɗanda suka tsira ne muke gani. Waɗanda tsatsa ta cinye a Turai ba su iso Kwatano ba balle mu shaide su. Marsandin yau ta fi ta 1980 gudu da ƙarancin shan mai da tsabtar hayaƙi, kuma idan aka yi mummunan karo ta fi ta fitar da mutum da rai. Wasu daga cikin na'urorin da ke wahalar da mu dokokin hayaƙi da na kare rayuka ne suka tilasta su.

Amma mu koma ga Bertha Benz da tsinken hularta. Ƙarko iri biyu ne: akwai motar da ba ta yawan lalacewa, akwai wadda idan ta lalace ana iya tayar da ita. Tsohuwar Marsandi ta haɗa biyun, kuma na biyun ne ya sa ta zama tamu. Bakanike yakan kasa kunne ya ji ciwonta, ya kwance, ya wanke, ya ɗaure. Ta zamani tana ɗauke da kwamfutoci masu yawa da ke magana da juna, sai an jona na'ura kafin ta faɗi abin da ke damunta, wani kayan ma ko an saya sai an yi masa rajista da motar kafin ya yi aiki. Wanda ya saye ta sabuwa a Stuttgart yana da garanti, yakan kuma rabu da ita bayan 'yan shekaru. Wanda ke biyan bashin shi ne mai ita na uku ko na huɗu, a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ga ƙura, ga zafi, ga ramuka, ga man da ba kullum ake samun mai kyau ba.

Saboda haka wanda ya tara kuɗinsa zai sayi ta hannu, kada tauraron gaban motar ya ishe shi hujja. Ya tambayi shekarar ƙira da lambar samfurin, domin tsakanin W124 da W211 akwai tarihin da muka bi yanzu. Ya sa a jona mata kwamfuta kafin ya biya, ya leƙa ƙarƙashinta, ya san kuɗin kayan gyaranta a kasuwa, ya kuma tabbatar akwai wanda ya iya ta a garinsu. Idan bakaniken ya yi shiru ya ce, "Alhaji, da ka nemi ta da," to ya saurare shi da kyau kafin ya ƙirga kuɗi.