Yadda Hutu a Jirgin Ruwa Ya Yi Araha, Ya Sake Komawa Tsada

Ba kowa ke son ƙetare Tekun Atlantika da hunturu ba. Ga sanyi mai ratsa ƙashi, ga igiyar ruwa mai sa ƙato amai. Don haka a ƙarshen ƙarni na 19, manyan jiragen fasinja na kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus sukan shafe watannin sanyi ɗaure a tasha, ana ta kashe musu kuɗi ba sa kawo ko kwabo. Wannan asara ce ta dami Albert Ballin, mai kula da harkar fasinja a kamfanin. A watan Janairun 1891 ya tura jirgin Augusta Victoria zuwa Bahar Rum da mutum 241, shi da matarsa a ciki, ba don a kai kowa wani gari ba, sai don yawon ganin duniya kawai. Sun tsaya a Jibralta da Iskandariya da Beirut da Istanbul da Atina, suka koma gida bayan kusan wata biyu.

A kan irin wannan dabara sana'ar hutu a teku ta ginu, kuma a nan asalin farashinta yake. Ɗakin jirgi tamkar tumatir ne a kasuwa: idan jirgi ya tashi ba a sayar da shi ba, ya ruɓe ke nan, ba a ajiye shi sai gobe. Shi ya sa duk lokacin da jirage suka rasa aiki, farashi kan faɗi, talaka ya samu shiga. Tsadar da masu zuwa hutu ke kuka da ita tun 2023 ta zo ne a lokacin da kusan babu jirgin da ke zaman banza.

Da farko harkar ta masu hannu da shuni ce zalla. Kamfanin P&O na Ingila, wanda asalin aikinsa jigilar wasiƙu ne, ya fara sayar da tikitin zagaya Bahar Rum a 1844, har ya ɗauki marubuci William Thackeray kyauta, shi kuma ya dawo ya rubuta littafi kan tafiyar. A 1867 jirgin Quaker City ya tashi daga New York zuwa Turai da Falasɗinu da Masar, tafiyar wata biyar, kuɗin mutum ɗaya dala 1,250. Leburan Amurka na wancan zamani sai ya yi aikin fiye da shekara biyu kafin ya ga irin wannan kuɗi. Ko Mark Twain, wanda labarin tafiyar ya ɗaukaka sunansa, wata jarida ce ta San Francisco ta biya masa.

Da Ballin ya ga kasuwar ta karɓu, sai ya sa aka ƙera jirgi na farko da aka yi musamman don shaƙatawa, Prinzessin Victoria Luise, wanda aka saka a ruwa a 1900. Ɗakunansa 120 ne, duka na alfarma, ga ɗakin karatu, ga wurin motsa jiki, har da ɗakin wanke hoto. Bai yi tsawon rai ba, domin a Disambar 1906 ya yi karo da duwatsu kusa da Kingston a Jamaika.

Amma ainihin ribar kamfanonin jiragen ruwa ba daga attajirai take fitowa ba. Tana can ƙasan jirgi, inda ake cunkusa talakawan Turai masu ƙaura zuwa Amurka. A 1907 kaɗai, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bi ta tsibirin Ellis da ke bakin New York. Da Amurka ta yi dokokin taƙaita baƙi a 1921 da 1924, wannan kasuwa ta rushe. Kamfanoni suka wanke ɗakunan ƙasa, suka shafa musu fenti, suka shimfiɗa kyalle a tebur, suka koma tallata su ga ɗalibai da malaman makaranta masu son ganin Turai da kuɗi kaɗan. Faɗuwa kuma ta zo daidai da zama, don daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, jiragen ƙasashen waje kuwa da sun fita daga ruwan ƙasar sai su buɗe mashaya. Gajerun tafiye-tafiye zuwa Havana da Nassau da Bamuda suka samu kasuwa, musamman bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, lokacin da manyan jirage suka rasa fasinjan ƙetare teku.

Bugu mafi tsanani daga sama ya zo. A Oktoban 1958 kamfanonin BOAC da Pan Am suka fara ƙetare Atlantika da jiragen sama masu injin jet, tafiyar kwana biyar ta koma ta ƙasa da rabin yini. Cikin shekara goma manyan jiragen ruwa suka zama kaya. Jirgin Queen Mary ya yi ritaya a 1967, aka ɗaure shi a Long Beach ta Kalifoniya ya zama otal. Jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta jigilar ɗalibai da ma'aikatan gwamnati tsakanin Ingila da Apapa a Legas cikin kusan mako biyu, ya daina aiki a 1974. A shekarar ce kuma gwamnatin Faransa ta janye tallafin da take bai wa jirgin France bayan tashin farashin mai, aka jingine shi a tashar Le Havre har shekara biyar.

A birnin Miami aka samu masu tsintar wannan dami a kala. Knut Kloster, ɗan ƙasar Norway, yana da sabon jirgi mai suna Sunward da aka ƙera don zirga-zirga tsakanin Ingila da Jibralta, amma rikicin iyaka da Sifen da dokar Birtaniya ta taƙaita fita da kuɗi suka kashe hanyar. Ted Arison, ɗan kasuwa haifaffen Tel Aviv, shi kuma yana da fasinja a Miami ba shi da jirgi. Suka haɗa kai a Disambar 1966, suka fara tafiyar kwana uku da kwana huɗu zuwa Bahamas. Kamfanin Royal Caribbean ya biyo baya a 1968. Kloster ne kuma daga bisani ya sayi France, ya mayar da shi Norway, ya kawo shi Karibiyan a 1980.

Bayan sun ɓata da Kloster, Arison ya kafa Carnival a 1972 da tsohon jirgin Empress of Canada, wanda ya sauya wa suna zuwa Mardi Gras. Ranar tafiyarsa ta farko, ɗauke da ɗaruruwan dillalan tafiye-tafiye da aka gayyato don su gani su tallata, jirgin ya kafe a rairayi tun bai gama fita daga tashar Miami ba, mutane na kallonsa daga gaɓa. Bayan shekara biyu bashi ya yi wa kamfanin katutu, har Arison ya saye shi daga masu zuba jari a kan dala ɗaya, da sharaɗin ya ɗauki bashin dala miliyan 5. Tsohon jirgin yana shan mai, dole ya riƙa tafiya a hankali yana rage tsayawa a tashoshi, sai aka cika shi da kiɗa da rawa da caca, aka ce wa mutane jirgin kansa shi ne wurin hutun. Shirin talabijin na The Love Boat, wanda aka nuna daga 1977 zuwa 1986, ya ƙarasa aikin, ya shigar da sha'awar abin gidan kowane Ba'amurke.

Arahar ba daga sama ta faɗo ba. Jiragen suna ɗauke da tutocin ƙasashe irin su Panama da Bahamas. Carnival a Panama aka yi masa rajista, Royal Caribbean a Laberiya, ko da yake hedkwatarsu duka tana Miami, don haka harajin riba kaɗan suke biya a Amurka, dokokin albashinta kuma ba su hau kansu ba. Masu girki da shara da gyaran gado yawancinsu daga Filifin da Indunusiya da Indiya suke, suna aiki watanni a jere ba ranar hutu. Sannan ga girma: kyaftin ɗaya ne ko fasinja dubu ne ko dubu biyar. Jirgin Carnival Destiny ya haura tan 100,000 a 1996, Oasis of the Seas ya ninka shi fiye da sau biyu a 2009.

Dabara mafi girma ita ce raba farashi gida biyu. Tikiti a yi shi da sauƙi don a cika ɗakuna, ribar a nemo ta bayan jirgi ya tashi. Da shigar fasinja za a miƙa masa kati guda: shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma jakar kuɗi. Lemon kwalba, a goga kati. Intanet, a goga kati. Hoton da aka ɗauke shi a bakin matakala, gidan abinci na musamman, tausa, motar zagaya gari idan an tsaya a tasha, duk a katin ne, a kan abin sha kuma a ɗora ladan hidima na kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Ko bai sayi komai ba, kullum ana rubuta masa tukwicin ma'aikata, wanda a manyan kamfanonin ya kai dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum. Iyali mai mutum huɗu da suka yi mako guda, tukwici kaɗai ya tasam ma dala 500, kuma sai daren ƙarshe mutum zai ga jimillar abin da ya ci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin daga irin wannan ciniki yake fitowa.

Haka aka yi ta tafiya har 2019, shekarar da ƙungiyar kamfanonin, CLIA, ta ƙirga fasinja miliyan 29.7. Sai ga korona. A Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum kusan 3,700, fiye da 700 suka kamu. A watan Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana jiragen tashi, ba su sake ɗaukar fasinja daga tashoshin ƙasar ba sai Yunin 2021. Rajistar ƙasashen waje da ta daɗe tana yi musu rana, a wannan karon ta hana su cin tallafin gwamnatin Amurka. Dole suka shiga kasuwar bashi ido rufe. A Afrilun 2020 Carnival ya ranci dala biliyan 4 da kuɗin ruwa kashi 11.5 cikin 100, ya tafka asarar sama da dala biliyan 10 a shekarar, daga baya kuma bashinsa ya ninka kusan sau uku, ya kai wajen dala biliyan 35.

A wannan karon ba a samu tsofaffin jirage masu neman aiki ba, domin da yawansu an kai su Aliağa a gaɓar Turkiyya an yanyanka su an sayar da ƙarfen. Waɗanda aka yanka kuwa su ne ƙanana masu tikitin araha. Da aka buɗe hanya, mutanen da suka gaji da zaman kulle suka yi tururuwa, fasinja suka kai miliyan 31.7 a 2023 da miliyan 34.6 a 2024. Kamfanonin suna lissafin cikar jirgi da mutum biyu a ɗaki, saboda haka idan aka haɗa da yara, alƙalumansu kan haura kashi 100. Ragin da ake yi a kwanakin ƙarshe don cike gurbi ya ja baya. Carnival, wanda kuɗin ruwa kaɗai ya ci masa kusan dala biliyan 2 a 2023, ya samu kuɗin shiga dala biliyan 25 a 2024, adadin da bai taɓa gani ba. Shugabannin kamfanonin ba sa ma ɓoyewa: suna faɗa wa masu hannun jari cewa hutu a teku har yanzu ya fi na otal sauƙi, kuma niyyarsu su rage wannan rata.

Garuruwan da jiragen ke sauke dubban mutane a wuni ɗaya su ma sun fara neman rabonsu. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice tun Agustan 2021. Girka ta sa harajin yuro 20 kan kowane fasinja da ya sauka a tsibiran Santorini da Mykonos da bazara daga 2025. Meziko ta so karɓar dala 42, kamfanoni suka yi ca, aka daidaita a kan farawa da dala 5. A ɓangaren mai, tun 2020 dokar duniya ta tilasta amfani da mai mai ƙarancin sinadarin sulfa, wanda ya fi tsada, kuma daga 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jiragen ruwa kuɗin hayaƙin da suke fitarwa. Wani ɓangare na tashin kuma a ido ne kawai: dokar Kalifoniya ta Yulin 2024 ta sa kamfanoni haɗa haraji da kuɗin tasha cikin farashin da suke tallatawa, maimakon ɓoye su sai an zo biya.

Martanin kamfanonin shi ne su mallaki gaɓar da kansu. Kamfanin Kloster, wato Norwegian, ya fara kai fasinja tsibirinsa na Great Stirrup Cay tun 1977. Royal Caribbean ya kashe dala miliyan 250 ya mayar da tsibirinsa na CocoCay filin wasan ruwa a 2019, Carnival ya buɗe Celebration Key a Bahamas a 2025. A can, duk rumfar da aka kama haya da duk wasan da aka biya, kuɗin aljihun kamfani yake komawa.

Jiragen kuma sai ƙara girma suke. Jirgin Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Turku ta Finland kan kusan dala biliyan 2, ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024 da hawa 20, ma'aikata 2,350 da gurbin fasinja har 7,600, tikitinsa kuma ya fi na tsofaffin jiragen kamfanin tsada nesa ba kusa ba. Ma'aikatun da ke iya ƙera irinsa ba su da yawa, galibinsu a Italiya da Faransa da Jamus da Finland, kuma layi ake bi na shekaru. A 2024 Carnival ya bai wa kamfanin Fincantieri na Italiya odar jirage uku, kowanne mai ɗaukar fasinja kusan 8,000, waɗanda za a miƙa a 2029 da 2031 da 2033.