So da Ƙauna a Al'adun Gargajiya na Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Mangawa ne suka kafa ta a ƙarni na 18, ta kuma daɗe ƙarƙashin inuwar Borno kafin harshen Hausa da al'adunsa su mamaye ta. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, gargajiya ba ta ɗora ƙauna a kan furuci ba. Ana gane ta ne ta hanyar kyauta da kunya da ɗaukar nauyi.

Neman aure kan fara daga dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da daddare, ko kuma ranar kasuwa, irin ta Alhamis a Maigatari, wadda ke tara mutane daga Nijeriya da Nijar. Saurayi kan aika toshi, karɓarsa kuwa amsa ce. Daga nan sai zance a ƙofar gida da sanin iyaye, sai gaisuwar uwa da uba, da sadaki, da lefe, da sa lalle, har zuwa buɗar kai. A kowane mataki akwai shaidu, don haka wanda ya yaudari yarinya ya san cewa dangi biyu ya taɓa.

Kunya ce ɓangaren da baƙo ya fi kasa fahimta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna masa so a gaban jama'a. Mace kan sakaya sunan mijinta ta ce Malam ko Maigida. Wannan kawaici ya sa sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗaukar yaron riƙo bayan yaye, ita ce kuma ke da 'yancin shagwaɓa shi. Jika da kaka suna wasa, haka ma taubasai, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, waɗanda kuɗin shara ke gilmawa a tsakaninsu a watan Muharram. Barkwancin Fulani da Barebari yana da armashi a ƙasar da makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa da zuriyar da ke danganta kanta da Borno.

Mata kuma suna da ƙawance, alkawari tsakanin mace da mace wanda kan fi aure tsawon rai. Ranar biki ƙawa kan kai gudummawa, a mayar mata da ninki idan nata ya zo. Cikakken bayanin wannan tsari yana cikin littafin Baba of Karo, labarin wata dattijuwa daga ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta, aka buga a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Aurenta na fari na zumunci ne, ta yi shi don biyayya ga iyaye, daga baya ta fita ta auri wanda take so.

Labarin nata ya nuna inda gargajiyar ke da rauni: ta tanadi masu kula da yarinya da yawa, amma ba kullum take tambayarta ra'ayinta ba. Auren dole da auren wuri su ne jigon yawancin littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano tun shekarun 1980, muhawarar kuma ta isa majalisa. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, Jigawa ba ta sa hannu a kan tata ba sai 2021. A yau zancen ya koma WhatsApp, dandali ya ragu, lefen da a da ake kai wa a cikin kwando ya zama jerin akwatuna da ke sa samari da dama jinkirta aure.