Zango da Amana a Hanyar Gwanja: Salaga, Yendi da Bawku

Tun kafin a shata iyakokin da suka raba Gana da Togo da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya, akwai hanyar fatauci da ta haɗa ƙasar Hausa da bakin dajin Tonawa, wato mutanen Asante, wadda Hausawa suka sa wa suna hanyar Gwanja saboda masarautar Gwanja da take ƙarewa a cikinta. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗewar hanya zuwa Gwanja tun ƙarni na 15, amma fataucin bai kai ganiyarsa ba sai a ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Asante, waɗanda suka riga suka ɗora wa Gwanja da Dagwamba haraji, suka tsayar da Salaga a matsayin kasuwar da baƙi daga arewa za su sayi goro, ba tare da an bar su sun kutsa cikin dajin da goron yake fitowa ba. Wannan ƙa'ida ta tara Hausawa da Wangarawa da Barebari da Nufawa da Yarbawa da Mosawa a gari guda, kuma ta tilasta musu samo hanyar yarda da juna alhali ba sarki ɗaya suke bi ba, ba kuma alƙali ɗaya ke yi musu shari'a ba.

Ayari, wato taron fatake masu tafiya tare, yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega da kaka, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya biyo ta Sansanin Mango ya sauka Yendi, sannan ya gangara Salaga bayan tafiyar wata biyu zuwa uku. Madugu shi ne shugaban tafiya, wanda yake sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki kuma shi yake tara abin da kowane falke zai bayar. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara da wannan sana'a. Sukan tafi da kanwa da tufafin Kano da jan fata da dabbobi, su komo da goro cikin waga a bayan jakuna. Goro kuwa kaya ne mai son lallashi, domin sai an riƙa kwance huhu bayan 'yan kwanaki, a tsince wanda tsutsa ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, in ba haka ba jarin shekara guda ya lalace kafin a ga ganuwar Kano.

Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne tsarin mai gida, wanda ake kuma kira mai masauki ko fatoma. Mai gida baƙo ne da ya daɗe a gari har ya san harshen 'yan ƙasa da fadar sarkinsu, ya gina ɗakuna da rumbuna a zango, wato unguwar da ayari ke sauka. Idan falke ya iso, mai gida yakan ba shi ɗaki da abinci ba tare da an yi cinikin kuɗin kwana ba, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi tafinta tsakaninsa da mai goro, kuma idan an sayar da kaya bashi, shi ne yake tsayawa lamuni, ta yadda in mai saye ya ci amana, asarar a wuyansa take. Ladansa ita ce la'ada, wani ɗan kaso da ake cirewa daga kuɗin ciniki, amma jarinsa na gaskiya sunansa ne, domin labarin mai gidan da ya cuci baƙo yakan riga ayari isa Kano. Ta haka mutumin da bai san kowa a gari ba yake iya barin dukiyarsa a hannun wanda ba danginsa ba har wata shekara, sau da yawa ba tare da rubutu ba, sai shaidar malami da jama'ar masallaci. Harshen Hausa ya zama harshen kasuwa, Musulunci ya ba da mizanin awo da hukuncin bashi da gado, auratayya da matan gari kuma ta mai da baƙunta dangantaka. Sai dai wajibi ne a faɗa cewa wannan zumunci bai game kowa ba, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma mutanen da aka kamo daga ƙasashen Gurunsi da maƙwabtansu an sayar da su ta hannun waɗannan dillalai, da irin wannan la'ada.

Yendi, hedikwatar Dagwamba kuma mazaunin sarkinta, Ya Na, ta karɓi malamai da fatake tun zamanin Na Zangina, wajen shekarar 1700, kuma sarakunanta sun ba limamai muƙamai a fada. Alamar wannan cuɗanya tana nan a cikin harshen Dagbani, wanda ya ari kalmomi masu yawa na addini da ciniki daga Hausa.

Ƙarfin tsarin ya bayyana a lokacin da Salaga ta rushe. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi amfani da wannan dama ta fita daga hannun Asante, Asante kuma ta mai da martani ta karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke iko da Salaga, mazauna zango suka watse. Malam Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rubuta labarin wannan yaƙi, daga baya ya zama limamin Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, yana cikin waɗanda suka yi ƙaura. Mutanen Salaga sun bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara, babban birnin Gana a yau, kuma duk inda suka sauka sai suka sake kafa zango da sarkinsa da limaminsa da masu gidajensa, har wata kasuwa a tsohon garin Ankara take amsa sunan Salaga. Turawa kuwa sun zo da nasu rabon: Jamus ta ci Dagwamba da yaƙi a Adibo a 1896, yarjejeniyar 1899 ta bar Yendi a hannun Jamus, Salaga a hannun Ingila, aka raba masarautar Dagwamba gida biyu har bayan yaƙin duniya na farko. Jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko da jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 suka ƙarasa kashe ayarin jakuna, kuma Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara bi da goro ta teku.

Bawku ce ta gaji matsayin bakin iyaka a ƙarni na 20, domin tana kusa da inda Gana da Togo da Burkina Faso suka haɗu, kuma kasuwarta mai ci duk bayan kwana uku tana tara Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosawa da Hausawa da Fulani a kan cinikin shanu da albasa da hatsi. A wannan yanki ne siyasar haɗin kan Afirka ta taɓa ƙasa: a ranar 1 ga Agusta 1962 aka jefa wa shugaban Gana Kwame Nkrumah bam a Kulungugu, kusa da Bawku, yana dawowa daga ganawa da Maurice Yaméogo, shugaban ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, a Tenkodogo. Gwamnatocin da suka biyo baya sun nuna cewa ƙasa mai tuta da fasfo tana iya mai da tsohon maƙwabci baƙo cikin dare ɗaya. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, kuma dokar ta faɗa a kan mutanen zango da yawa waɗanda a can aka haife su; a 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya, duk da cewa an kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, an kuma amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasar ƙungiyar zai iya shiga 'yar'uwarta ya zauna kwana 90 ba biza. Ita kanta Bawku ta sha fama da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi tun wajen samun 'yancin kai, rikicin da yakan rufe kasuwa ya tsorata direbobi.

A yau sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka tana Ankara, amma Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a watan Janairu 2025. Duk da haka manyan motoci suna ɗauko albasar Galmi daga Nijar, su ratsa Burkina Faso su shigo Gana zuwa Kumasi da Ankara, kuma mai albasa yana sauka ne a hannun mai gida, ana yin ciniki da Hausa, ana ba da bashi a kan lamuninsa, ana cire masa la'ada. Abin da ya canza shi ne wayar salula, wadda take kai farashi da kuɗi kafin mota ta tashi daga Galmi.